Iskar da ke Huhu da Awon Kitsen Jiki a Cikin Ruwa

Yau za mu duba wata hanyar auna kitsen jiki da masana suka daɗe suna ɗauka a matsayin zakaran gwajin dafi. Ana zaunar da mutum a kan kujerar da ke rataye a sikeli, ya fitar da duk numfashin da zai iya, sannan a nutsar da shi har kansa a cikin tanki, a karanta nauyinsa. Albert Behnke, likitan sojan ruwan Amurka, shi ya fito da ita a 1942, bisa tsohuwar ƙa'idar Arkimidis cewa duk abin da aka nutsar, nauyinsa yakan ragu daidai da nauyin ruwan da ya ture. Litar kitse tana da nauyin gram 900, litar sauran jiki, wato tsoka da ƙashi da makamantansu, kimanin gram 1,100, ruwa kuwa 1,000. Shi ya sa mai ƙiba ya fi mai tsoka sauƙi a cikin ruwa.

Matsalar tana cikin ƙirji. Komai ƙoƙarin mutum wajen fitar da numfashi, sai kimanin lita 1.2 ta iska ta rage a huhun baligi, kuma tana ɗaga shi sama kamar yadda gora ke ɗaga masunci a Argungu. Sikeli bai san bambancin iska da kitse ba, don haka dole a auna wannan iskar a cire ta daga lissafi. Ku ɗauki mutum mai kilo 70. Da lissafin da William Siri ya wallafa a 1961, idan aka yi kuskuren rabin lita kacal, wanda kitsensa kashi 17 cikin ɗari ne sai a ce masa 20 da rabi. Ga ɗan wasan da ake bibiyar jikinsa wata-wata, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

To a ina ya kamata a auna iskar, a tudu ko a cikin tankin? Ni dai ina ganin a cikin tankin, a daidai lokacin da ake awon, domin huhun da ke cikin ruwa ba ɗaya yake da na tudu ba. Da zarar ruwa ya kai wuya, sai ya matse ƙafafu da ciki, ya koro jini wajen mililita 700 zuwa ƙirji, ya tura tantanin da ke raba ciki da ƙirji sama, ya kuma danne haƙarƙari. Iskar da ke saura bayan numfashi na yau da kullum takan ragu da kusan rabi, wasu ƙananan hanyoyin iska kuma su rufe, su kulle iska a bayansu. Ga kuma tsoro: wanda bai saba da ruwa ba ba ya yarda ya fitar da numfashinsa duka, abin da ya sa ake maimaita nitson sau da yawa.

Wani zai ce ai bincike da dama ya nuna iskar da ke ragewa bayan an fitar da duk numfashi ba ta canzawa sosai a cikin ruwa. Haka ne, idan aka haɗa mutane da yawa aka ɗauki matsakaici. Sai dai ba taro ake aunawa ba, mutum ɗaya ne a kan kujerar, kuma huhun dattijo ko mai asma ko mashayin taba ya fi saurin kulle iska. Wani kuma zai ce a ƙiyasta kawai daga shekaru da tsawo, ya fi araha. Ya fi araha kam, amma mutum biyu masu shekaru ɗaya da tsawo ɗaya suna iya bambanta da wannan rabin litar da muka lissafa.

Saboda haka mai sauraro, idan aka miƙa maka sakamakon irin wannan awo, ka tambaya: iskar huhun aunawa aka yi ko ƙiyastawa, kuma a ina? Mai ciwon zuciya ko na huhu kuwa, ya fara ganin likita kafin ya shiga ruwan da zai kai masa wuya.