Jinin da Ba Ya Daskarewa

Ranar Layya a Mina, kusa da Makka, dubban alhazai kan miƙa kawunansu ga masu aski. In aska ta kwarzani mutum, nan da nan jinin zai tsaya. Ko mai cutar himofiliya ma ba kwarzane ne abin tsoronsa ba. Kaciya ce, da cire haƙori, da jinin da kan taru cikin gwiwa har ta sandare.

Maza cutar ta fi kamawa, wajen ɗaya cikin 5,000, galibi ta gadon uwa. Jininsu ya rasa wani sinadarin daskarewa, yawanci wanda likitoci ke kira Fakta 8. Tun shekaru dubu da suka wuce Al-Zahrawi, likitan Andalus, ya bayyana alamunta.

A 1965 Judith Pool, ta Jami'ar Stanford a Amurka, ta sanar da hanyar tace sinadarin daga ruwan jini. Sai dai kash, a farkon shekarun 1980 gurɓataccen jini ya sa wa dubban majinyata ƙanjamau. Daga 1992 aka soma samun wanda ake sarrafawa ba daga jinin mutum ba.

Yau mai cutar kan iya sauke farali, muddin ya yi guzurin allurarsa, ya kuma kare ta daga zafin Makka, wanda da bazara kan zarce digiri 40.