Jawabin Da Aka Yi A Taron Ƙungiya A Malam Inna: Tafiya Mabuɗin Ilmi

   

Abin da ya sa muka miƙe shi ne zancen yaron nan namu, ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe, wanda ya dawo daga Kumasi ta ƙasar Gana. Wata biyu ya yi yana koyar da lissafi da tajwidi kyauta a wata Islamiyya ta cikin zango. Ran da ya nemi izni, mu da kanmu muka zuga mahaifinsa ya hana, muka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa bai ji tamu ba. To, yau mun zo mu amsa kuskurenmu a gaban jama'a.

Shi kaɗai ya kama hanya, daga Gombe sai Legas, ya ratsa Kwatano da Lome, ya shiga Gana ta Aflawo. A hanya wani ɗan canji ya cuce shi wajen mai da naira sefa. Tun daga ranar ya sayi ɗan littafi yana rubuta shiga da fita. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, wata tsohuwa da ba ta san asalinsa ba ta yi jinyarsa. Ya ce shinkafa da waken da duk Gana ke ci, har yau da sunanmu na wake ake kiranta. Jama'a, yaron da sai an tashe shi sallar asuba, ga shi yanzu ya tara yaran layinsu yana yi musu darasi bayan la'asar, ba ko sisi.

Wai shin mun manta ko mu su wane ne? Kakanninmu fatake da jakai suke zuwa Salaga sayen goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kumasi da Akara, jikokinsu ne yaronmu ya koyar. Mu kanmu nan, ai tafiya ce ta kawo mu. Bayan an dawo da fadar Gombe wannan gari a 1919, iyayenmu suka biyo auduga da gyaɗa daga Kano da Katsina da Zazzau, jirgin ƙasa ya iso a 1963 ya ƙaro wasu. Da an riƙe su a gida, ina za mu sami rumfunan da muke taƙama da su?

Ita ma gwamnati ta san amfanin abin. A 1987, zamanin Janar Babangida, aka kafa shirin tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, su yi aikin taimako na shekara biyu.

Amma fa ba mu ce a saki yaro kamar akuya ba. Masu yaudarar yara su bi da su ta hamada zuwa Libiya suna nan. Don haka shawararmu ita ce, kafin ɗalibi ya tashi, ƙungiya ta san mai masaukinsa, ta yi magana da shi baki da baki. Ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 ba biza, kada ya wuce. Kuɗin motar dawowa kuma su kasance a ajiye daban. Muna roƙon a buɗe asusu don 'ya'yan marasa ƙarfi, mu 'yan kasuwa mu za mu fara zubawa yau ɗin nan. Batun 'ya'ya mata kuwa, malamai su zauna su ba mu haske a taro mai zuwa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Wassalamu alaikum.