Rarar Kuɗin Gidan Jingina: Hakkin Wane Ne?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ma'aikaci yakan jinginar da gidansa ga banki don ya ƙarasa gini ko ya ja jari, wani lokaci kuwa biya ya gagara, har banki ya sa gidan a kasuwa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa daga ranar da aka buga gwanjo, mai gida ba shi da sauran magana. Wannan kuskure ne, kuma yana jawo wa iyalai asarar dukiya mai yawa. Abin da banki yake bi shi ne bashinsa. Duk abin da ya ragu bayan an biya shi, amana ce a hannunsa.

Tushen wannan hukunci a dokar Nijeriya yana cikin dokar Ingila ta 1881 mai tsara sayar da ƙasa da jinginar da ita, a sashe na 21. Ta shigo ƙasar nan cikin jerin dokokin da suke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, kuma jihohin Arewa da na Gabas suka gaje ta. Jihar Yamma ta yi tata dokar a 1959, Ingila kanta ta sabunta tata a 1925, amma dukansu sun riƙe ƙa'ida ɗaya game da kuɗin ciniki.

Kafin a kai ga sayarwa ma akwai sharuɗɗa. Bisa ga dokar 1881, sai an ba mai gida sanarwa ya biya, wata 3 suka wuce bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata 2 ba a biya ba, ko kuma ya saɓa wani alkawari na yarjejeniyar. Sai dai bankuna sukan sassauta wa kansu waɗannan sharuɗɗa a cikin takardar jingina, saboda haka wajibi ne mutum ya karanta kafin ya sa hannu.

Idan ciniki ya faɗa, doka ta jera yadda za a raba kuɗin. In akwai wanda ya riga wannan banki karɓar jinginar gidan, a sallame shi tukuna. Sannan a fitar da ɗawainiyar sayarwa, watau ladan mai gwanjo da kuɗin lauya da na talla, muddin ba a wuce kima ba. Bayan haka banki ya ɗauki uwar kuɗinsa da ruwan da ya hau. Abin da ya saura shi ne rara.

A ɗauki misali. Wani ma'aikaci ya jinginar da gidansa, bashi da ruwa suka kai naira miliyan 18. Aka sayar da gidan miliyan 30, ɗawainiya ta ci miliyan 2. Rara ta zama miliyan 10. To, in ya kasance ya sake jinginar da gidan ga wani banki na biyu a kan miliyan 4, wannan banki ne zai fara karɓa, mai gida ya tashi da miliyan 6. Idan bankin farko ya san da jingina ta biyu, amma ya miƙa wa mai gida miliyan 10 gaba ɗaya, to shi zai biya bankin na biyu daga aljihunsa, domin ya saki amana ga wanda bai kamata ba. In mai gida ya rasu, rarar ta shiga cikin dukiyar gado. In kuwa masu da'awa sun yi yawa har banki ya rasa mai gaskiya, hanyarsa ita ce ya ajiye kuɗin a kotu, alƙali ya raba gardama.

Akwai wata hanyar da rara take salwanta tun kafin a ƙirga ta, ita ce karyar da farashi. Bankin da yake bin miliyan 18 yana iya gamsuwa da tayin miliyan 20, alhali gidan ya fi haka. A shari'ar kamfanin Cuckmere ta 1971, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa mai riƙe da jingina yana da damar zaɓen lokacin sayarwa, amma lalle ne ya kula ya sami farashin kasuwa na gaskiya. Haka kuma doka ba ta yarda ya sayar wa kansa ba.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa abin jingina ba ya zama mallakar mai bin bashi don kawai wa'adi ya cika, kuma Imam Malik ya ware babi a kan haka cikin Muwaɗɗa. Ana sayar da abin, a biya bashi, a mayar wa mai shi da saura. Idan kuɗin bai kai ba, cikon yana nan a wuyansa. Dokar boko ma haka ta ce: wanda yake da hakkin rara, shi ne kuma yake ɗauke da giɓi.

Saboda haka wanda aka sayar masa da gida kada kunya ko ɓacin rai su hana shi neman lissafi. Ya rubuta wa banki ya nemi a nuna masa farashin da aka sayar, da kowace ɗawainiya da aka cire, da yadda aka lissafa ruwa. In an ƙi, kotu tana da ikon tilasta wa banki ya kawo lissafi ya kuma biya. Ya yi haka da wuri, domin jinkiri yana raunana da'awa. Ma'aikatan banki da na ofishin filaye kuwa, waɗanda takardun nan suke bi ta hannunsu, su tuna cewa sau da yawa wannan rara ita ce kaɗai abin da iyali za su kama haya da shi bayan sun bar gidansu.