Idan Na'ura Ta Yi Zalunci, Wa Za A Kai Gaban Alƙali?



Ranar 15 ga Janairun 2021 gwamnatin ƙasar Holan ta yi murabus gaba ɗayanta, kuma kuɗin tallafin renon yara ne ya kayar da ita. Hukumar harajin ƙasar, wadda ke biyan tallafin a lokacin, ta ɗora wa kwamfuta aikin zaƙulo macuta. Kowace takardar neman tallafi sai tsarin ya ba ta maki, kuma cikin abin da yake dubawa har da ko mai nema ɗan ƙasa ne ko baƙo. Iyalai kusan 26,000 aka yi wa ƙazafin zamba, da yawansu baƙi ko 'ya'yan baƙi. Aka ce su mayar da abin da suka karɓa na shekaru, wasu dubun-dubatar yuro, babu sassauci. Sa hannu ɗaya da aka manta a takarda ya isa a yi wa uwa tambarin ɓarauniya. Bashi ya ci gidaje, aure ya mutu. Iyayen da suka nace sai sun ga fayil ɗinsu, wasu an miƙa musu takardu an shafe shafi bayan shafi da baƙin tawada.

To, wa aka hukunta? Hukumar kare bayanai ta ci hukumar haraji tarar yuro miliyan 2.75, wato daga wannan aljihun gwamnati zuwa wancan. Firaminista Mark Rutte kuwa, wata biyu da murabus jam'iyyarsa ta sake cin zaɓe, ya ci gaba da zama a kujerarsa, daga baya ma ya zama babban sakataren NATO.

Duk wanda ya taɓa bin layi a banki ko wurin rajistar layin waya a Kano ko Maraɗi ya san jawabin da ke rufe bakin mai ƙorafi: "Ba laifinmu ba ne, sistem ne." Ƙirƙirarriyar basira na shirin mayar da wannan uzuri ya zama gagara-badau, domin wani lokacin ko wanda ya ƙera tsarin ba zai iya fayyace dalilin da ya sa aka hana Lami rance aka ba Ladi ba. Aikin farko da ke kan doka shi ne ta kashe wannan uzurin, ta ce dole a sami mutum mai suna da ofis da zai amsa tambaya.

Tarayyar Turai ta bi hanyar rarraba haɗari. Dokarta kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024. Wasu abubuwan ta haramta su ɗungurungum, kamar ba 'yan ƙasa maki bisa halayensu, ko kwashe hotunan fuskoki daga intanet barkatai don gina rumbun gane fuska. Tsarin da ke tantance masu neman aiki ko rance kuwa ta sa shi a rukunin mai babban haɗari, sai da sa idon ɗan Adam. Tara na iya kai yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya.

Batun fuska ya fi shafar baƙar fata. A 2018 masu bincike Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na wasu manyan kamfanoni, suka ga kuskurensu kan maza farare bai kai kashi 1 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. Ya kamata a tuna da wannan duk lokacin da manhajar banki ta ce wa tsohuwa ta ƙifta ido ta juya kai kafin ta taɓa kuɗinta.

A Nijeriya, mutane sun fara ɗanɗana kuɗarsu ne a hannun manhajojin ba da rance. Mai shago ya matsu, ya sauke manhaja, ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa, ya danna. Naira dubu goma ta shigo cikin minti biyar. Kwana biyu da wucewar wa'adi, surukinsa da limamin unguwarsu sun sami saƙo cewa wane ɗan damfara ne, ana nemansa. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan tonon silili, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan masu waya. Sai ga shi a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa, har da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a kan naira 100 kacal.

Dokar da ke hannu ita ce ta kare bayanai, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, ita ta kafa hukumar NDPC. Ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanan mutane suka zube. Manyan masu riƙe bayanai za a iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Gwamnati ta nuna tana da haƙora: hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, kuma kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da ita a Afrilun 2025. Nijar ma na da hukumarta, HAPDP, Gana kuwa tun 2012 take da tata dokar.

Sai dai sashen da ya fi muhimmanci ga talaka shi ne wanda ba a cika ambata ba, sashe na 37 na dokar kare bayanan Nijeriya. Ya ce mutum na da haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, kuma yana iya neman ɗan Adam ya duba, ya faɗi nasa uzurin, ya ƙalubalanci abin da aka yanke. Iyayen Holan da sun sami wannan a aikace, da ba a kai inda aka kai ba. Amma akwai kafa: haƙƙin na sassautawa idan mutum ya ba da yardarsa. Wace yarda? Ta dogon rubutu da Turancin lauyoyi, a kan gilashin waya mai faɗin tafin hannu, ga mutumin da ajami ya iya ko bai iya karatu ba sam. Ko a cinikin akuya a kasuwar Wudil, dillali ba zai ce an daidaita ba alhali mai saye bai ji farashi ba. Ya kamata hukumar NDPC ta ce yardar da ba a bayyana da harshen da mutum ke ji ba, ba yarda ba ce, ta kuma buɗe ƙofar karɓar ƙorafi da Hausa, da baki, ta waya.

Kenya ta nuna yadda kotu ke iya toshe wannan kafa. A 2023 kamfanin Worldcoin ya zo da wata na'ura mai kama da ƙwallo yana ɗaukar hoton ƙwayar idon mutane, yana ba su kuɗin intanet da ya kai kimanin shilin 7,000. Layi ya cika Nairobi, kuma kowa ya ce ya yarda. Gwamnati ta dakatar da aikin a Agustan shekarar. Cibiyar Katiba ta shigar da ƙara, kuma a Mayun 2025 babbar kotu ta ce yardar da aka jawo da kuɗi ba ta inganta ba, ta ba da umarnin a goge bayanan cikin kwana bakwai. Ƙungiyar farar hula ce ta ɗauki lauyoyi ta bi shari'ar har ƙarshe. Sashe na 37 irin wannan ƙarar yake buƙata, kuma tsangayoyin shari'a na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo ba su rasa waɗanda za su iya rubuta ta ba.