Ɗan Sanda da Direba: Ina Iyakar Ƙarfi?

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ɗan ƙasar Jahun, ya yi wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata a wani taron hutu)



Na gode ƙwarai da wannan girma da kuka ba ni na tsayawa a gabanku. Abin da aka nemi in yi magana a kai ba baƙo ba ne ga kowa, gama da wuya a sami wanda ya taso daga Harbo ko Aujara, ko ya biyo hanyar Gujungu daga Haɗejiya, bai ga an tsai da mota a shinge ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ƙarfin da ɗan sanda kan gwada wa direba, daidai yake da laifin direban, ko kuwa ya zarce?

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata rana ina cikin motar haya, mu tara, an ɗora kwandunan tumatir a bisa. Muka iso wani shinge aka ɗaga hannu, direba ya taka birki, amma motar ba ta tsaya ba sai da ta wuce da kamar taku ashirin. Kafin ya buɗe baki wani mai kayan sarki ya sa gindin bindiga ya fasa madubi, ya finciko shi waje, ya sharara masa mari biyu. Duk cikinmu babu wanda ya ce uffan, har da ni mai yi muku wannan jawabi, sai wata tsohuwa da ta ce, "Ɗana, me ya yi?" Ba a amsa mata ba. Daga baya aka koma gefe aka daidaita, muka wuce. Ba a dubi takarda ko ɗaya ba, birkin nan kuwa yadda ya zo haka ya tafi, ɗauke da rayukan mutum tara.

To, jama'a, da wane mudu za mu auna irin wannan? Ni dai abin da na fahimta, ƙarfi ba hukunci ba ne. Hukunci na alƙali ne, bayan ya ji ta bakin kowa. Ƙarfin da aka damƙa wa ɗan sanda na kawar da haɗarin da ke gabansa ne a wannan lokaci, da zarar haɗarin ya kau, izinin ya ƙare. Saboda haka akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi duk sa'ad da aka ɗaga kulki ko bindiga. Shin akwai ran da ke cikin haɗari a lokacin? Shin babu wata hanya mai sauƙi da za ta biya bukata? Shin ɓarnar da ƙarfin zai jawo ba ta fi wadda ake gudu ba? In aka ɗora marin da na ba ku labari a kan wannan ma'auni, ko tambaya ɗaya ba zai tsallake ba.

Kada wani ya zaci ra'ayina ne kawai. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, inda ya yi togiya kuwa, kamar wajen kare kai ko kama mai laifi, ya gindaya sharaɗin kada ƙarfin ya wuce gwargwadon larura. Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma a 2017 aka yi doka ta musamman da ta mai da azabtarwa laifi. Tun 1990, a wani taro na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Habana na ƙasar Kyuba, aka amince cewa jami'in tsaro ba zai yi harbi da nufin kisa ba sai in babu makawa domin ceton rai. Ita kanta rundunar 'yan sandan Nijeriya tana da umarni mai lamba 237 game da amfani da bindiga. Tsohon umarnin ya buɗe ƙofar harbin wanda ake zargi in ya nemi tserewa, abin da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Philip Alston, ya soka bayan ziyararsa ta 2005. A 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka sake masa fasali don ya dace da wancan ma'auni na ceton rai. Watau a takarda ba mu da sauran gardama. Rashin lasin, ko lodin da ya wuce kima, ko ƙin tsayawa, hukuncinsu tara ne, in ya yi tsanani ɗauri, kuma a kotu. Babu guda a cikinsu da doka ta ce a biya da rai.

Amma kun san abin da ke takarda daban, abin da ke kan kwalta daban. A watan Yuni na 2005, a Abuja, 'yan sanda suka kashe wasu matasa shida, maza biyar 'yan kasuwar Apo da mace guda, waɗanda suka taho cikin motarsu da dare. Aka ce wai 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya gano ba haka ba ne, amma sai a watan Maris na 2017, bayan kusan shekara goma sha biyu, kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan hukuncin kisa. Ranar 25 ga Disamba 2022 kuma, a unguwar Aja ta Ikko, wani jami'i ya harbe wata lauya a cikin mota a gaban iyalinta. Wannan karon shari'a ba ta kai shekara ba, a Oktoban 2023 aka yanke masa hukuncin kisa. Sai ku tambayi kanku, da a ce direban a-kori-kura ne daga ƙauyenmu, wanda ba shi da ƙungiyar lauyoyi a bayansa, wa zai bi kadinsa?

Akan ce, to, in direba ya ƙi tsayawa, yaya za a yi? Ku lura da abu biyu. Na farko, harsashi ba ya tsai da mota. In ya sami direba, motar ta zama ba mai riƙe da ita, sai ta afka wa duk wanda tsautsayi ya ratsa da shi. In ya kuskure shi kuwa, fasinja zai samu. Wannan ne ya sa tun 1972 'yan sandan birnin Niyok na Amurka suka hana jami'ansu harbin mota tana tafiya. A Faransa ma, harbe wani yaro ɗan shekara 17 a cikin mota a watan Yuni na 2023 ya jawo tarzoma ta kwana da kwanaki. Na biyu, wanda ke tsaye a shinge bai san abin da ke cikin motar ba. Mu nan mun san asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Mota nawa ce kan shigo garin nan da tsakar dare a guje, da mace a kwance a baya tana naƙuda? Direban da ya ɗauko ta yana iya kuskuren ganin tocila. Alhali kuwa mota tana da lamba, gaba akwai wani shingen, a tasha kuma 'yan kamasho sun san kowane direba har da sunan ubansa. Wanda ya gudu yau ana iya kamo shi gobe. Wanda aka harbe fa?

Adalci ne mu juya mu dubi ɗaya ɓangaren, gama idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan sandan nan ɗan'uwanmu ne, wataƙila ajinmu ɗaya a firamare. Yakan wuni a rana ya kwana a sanyi, kuma tsoron da yake ji ba na banza ba ne. Ba mu manta da 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da aka kai wa ofisoshin 'yan sanda hari a Kano, mutane fiye da 150 suka halaka. Akwai direbobin da kan sha ƙwaya su kama sitiyari, akwai masu yin kan jami'i da mota da gangan, akwai kuma masu ɗauko makamai a ƙarƙashin buhunan hatsi. Inda aka nufo jami'i da mota ba shi da wurin kaucewa, ko aka buɗe masa wuta, babu mai hankalin da zai ce ya naɗe hannu. A nan ƙarfi ya dace, doka ma tana bayansa. Abin da nake ƙi shi ne a ari hujjar wannan rana mai wuya a yafa wa ranar da ba abin da ya faru sai direba ya ɗaga murya.

Wannan ya kawo mu ga tushen ciwon, watau na goro. Muddin shinge ya zama wurin karɓar kuɗi, ma'aunin nan namu ya karye, domin wanda ya ƙi tsayawa ba a ganinsa a matsayin haɗari, ana ganinsa a matsayin wanda ya gudu da rabon wani. Shi ma direba, da yake ya saba ana tsai da shi don aljihunsa, ya daina ɗaukar ɗaga hannu da muhimmanci. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A 2012 Sufeto Janar Mohammed Dahiru Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye daga hanyoyi, wasu da suka biyo bayansa suka maimaita, amma ga su nan muna gani. Kuɗin da ake karɓa kuma ba daga aljihun direba yake ƙarewa ba, a kan kuɗin mota da farashin shinkafa da kifin fadamarmu yake sauka.

To, mene ne namu a ciki? Ku ne gobe za ku zama alƙalai da lauyoyi da sakatarorin ƙananan hukumomi, wasunku ma manyan 'yan sanda. Ina roƙonku abu huɗu. Ku karanta Dokar 'Yan Sanda ta 2020, ku fassara wa direbobin tasharmu abin da ta ƙunsa da harshen da suke ji. Ku gaya musu gaskiya, su gyara birki, su sabunta takardu, su tsaya in an tsai da su, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kun ga an ci zarafin wani, ku riƙe rana da wuri da lokaci, ku kai ƙara sashen karɓar koke na rundunar, wanda aka kafa a 2015, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, in an nemi shaida kuma kada ku noƙe. Na huɗu, ranar da kuka hau kujera, ku tuna da albashin kurtu da wurin kwanansa da horonsa, domin wanda aka ba bindiga aka bar shi da yunwa, an riga an nuna masa inda zai ci.

Ni dai har yau ina jin kunyar shirun da na yi a cikin motar nan, tsohuwa ta fi mu duka, da iliminmu da takardunmu. Ina fata idan irin wannan rana ta same ku, za ku yi abin da na kasa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu shugabanni masu adalci.