Jawabi Kan Matsalar Batir da Wuta a Kwamfutar Tafi-da-Gidanka



Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne, yanzu da wuya a sami layi a unguwar nan da babu kwamfutar tafi-da-gidanka. 'Ya'yanmu da ke Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran manyan makarantu da ita suke rubuta aikinsu na ƙarshe, wasu kuma da ita suke neman abinci. To, sau da yawa sai a ce ta mutu, a kai ta kasuwa a sayar da ita da arha, alhali caja ce kawai ta lalace.

Da farko, in kwamfuta ta ƙi tashi, kada a yi gaggawa. A gwada soket ɗin da wani abu, kamar cajar waya. In da wuta, sai a duba wayar cajar, musamman daf da kai, inda take yawan karyewa. In duk lafiya, a cire caja, a cire batirin in irin wanda ake cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30, sannan a sa caja kaɗai. In ta tashi, to batir ne ya gaza. In ba ta tashi ba, a ari caja irin tata a gwada kafin a zargi injin.

Na biyu, batun caja. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, cajar kuma tana sauke ta zuwa abin da injin ke so: yawancin HP da Dell bolt 19.5, Lenovo bolt 20. An rubuta wannan a jikin caja, galibi har da bayan kwamfutar. Dole bolt ya dace. Shi kuwa wat, in kwamfutarka mai 65 ce, mai 90 ba za ta cutar da ita ba, amma mai 45 za ta yi ta zafi, wani lokaci ma ta ƙi cika batir. Jama'a, araha ba ta ado. Cajar jabu na iya ƙone injin da ya ninka ta kuɗi sau da yawa.

Na uku, wutar kanta. Tun 2013 kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke ba Bauchi wuta, ko da yake har yau bakinmu NEPA ya saba faɗa. Haɗarin ya fi yawa a lokacin da aka dawo da wuta, ko aka tada janareto. Don haka in an ɗauke, a zare filogi. In an kawo, a jira 'yan mintoci wutar ta daidaita. Wanda ke da hali ya sayi sitabilaiza.

Na huɗu, batir. Irin na yanzu na sinadarin litiyom ne, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Yakan yi cika da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Babban maƙiyinsa zafi ne, kun dai san yadda Bauchi take a watan Maris da Afrilu. Kada a ɗora kwamfuta kan katifa ko filo, domin suna toshe kafar iska. Ƙurar hunturu ma tana cika fankar ciki, sai a kai ta a share ko da sau ɗaya ne a shekara. Kada kuma a riƙa bari batir ya ƙare ƙaf. In ya kai kashi 20 cikin 100, a sa caja. Mai Windows 10 ko 11 zai iya rubuta powercfg /batteryreport a wurin ba da umarni. Rahoton zai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi, da wanda yake ɗauka yanzu. In ya koma ƙasa da rabi, lokacin canji ya yi.

Sai gargaɗi, wanda muke roƙon iyaye su riƙe. In aka ga bayan kwamfuta ya kumbura, ko wurin gogar yatsa ya ɗago, batir ne ya kumbura. A daina caji nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa. A 2006 kamfanin Dell ya janye batir sama da miliyan 4 saboda haɗarin gobara. Gidajenmu kuwa a haɗe suke, wutar da ta kama ɗaki ɗaya ba ta tsayawa a nan.

A ƙarshe, ɗalibai su riƙa ajiye kwafin aikinsu a filas, kafin a kai injin wurin mai gyara.