Aljabara a Kasuwar Hatsi



Ɗalibai da yawa sun ɗauka aljabara baƙuwa ce wadda Turawa suka zo da ita. Sunan kansa na Larabci ne, daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma a cikinsa akwai babi guda a kan saye da sayarwa. Watau tun asali kasuwa tana cikin gidajenta.

A ƙasar Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa gonaki sun haɗe, ba a barin saura, kuma abin da magidanci ya noma ba shi da yawan da zai yi wasa da mudu ɗaya. Saboda haka lissafin farashi a nan maganar cin tuwo ce.

A ɗauka mutum biyu sun dawo daga kasuwa. Na farko ya sayi tiya 3 ta gero da tiya 2 ta wake a kan naira 12,000. Na biyu tiya 2 ta gero da 3 ta wake a kan naira 13,000. Nawa ne kuɗin kowace tiya? Abin da ba a sani ba sai a ba shi suna: gero g, wake w. Maganar ta koma 3g + 2w = 12,000, da 2g + 3w = 13,000. In an haɗa su, 5g + 5w = 25,000, ke nan tiyar gero da ta wake tare naira 5,000 ne. Bibbiyu kuwa 10,000. A ɗebe wannan daga cinikin na farko, sai tiyar gero ɗaya ta rage a kan 2,000, wake ya tsaya a 3,000. Dillalin Dawanau yana yin haka da ka, bai san sunansa ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen kaso, kuma masu ilmin boko sun fi kowa faɗawa. A ce manomi yana son naira 54,000 a hannunsa daga buhu ɗaya, la'ada kuwa ushiri ce. Mai gaggawa sai ya ƙara ushirin 54,000, ya sa farashi 59,400. Amma dillali daga kuɗin ciniki yake cire nasa, watau 5,940, manomi ya tashi da 53,460. Hanyar daidai ita ce a kira farashin f: in an cire ushiri, tara cikin goma na f shi ne 54,000, saboda haka f 60,000 ne. Naira 540 a buhu ba ta da girma a ido. Akawun ƙungiyar manoma da ya yi wannan kuskure a buhu 40 ya jawo wa mutanensa hasarar naira 21,600, kuma littafinsa zai fito tsaf, ba wanda zai ga inda ta zube.

Saura abu ɗaya da littattafan makaranta kan tsallake. Duk lissafin nan ya dogara ga cewa tiyar da aka auna wa na farko ita aka auna wa na biyu. A kasuwa kuwa wani kwano ya fi wani, wata mai awo tana tozo, wata tana shafewa, ga kuma gyara da ake ƙara wa mai saye. Kafin malami ya ba yaro g da w, ya kamata ya fara tambayarsa da wane kwano aka yi awon.